Kafin ka sayi babbar taya, ƙirga haƙoran pon

A wannan karo zan ɗan ajiye maganar siyasa da farashin hatsi in shiga ƙarƙashin mota, domin akwai bashin amsa a kaina. Kwanakin baya, a cikin shirin da nake gabatarwa na direbobi da masu sufuri a gidan rediyo, wani bawan Allah ya bugo waya daga wajejen Tanut. Ya ce yana da tsohuwar Hilux da yake cin kasuwannin ƙauye da ita, ya tara jika ɗari biyar, yana so ya ƙara wa motar ƙarfi a yashi. Abokansa sun ce ya ɗaga ta ya sa mata manyan tayoyi, wani ya ce ya yi wa pon na baya walda, wani kuma ya ce ya cire shi ɗungurungum ya sa na Land Cruiser. Kafin mu kai ga ba shi amsa lokaci ya ƙare. To ga amsar nan, gare shi da duk mai irin tambayarsa.

Ni ba makanike ba ne, amma na daɗe ina zama da su a garaji da kuma gaban makirfo, sannan gidanmu ya taɓa biyan kuɗin wannan darasi da tsada, kamar yadda za ku ji nan gaba.

A Amurka da Ostireliya, gyaran mota kat-kat domin shiga daji galibi abin sha'awa ne. Mutum ya sa tayoyi kamar na tarakta, ya je ya hau duwatsu ranar hutu, in wani abu ya karye ya kira a jawo shi. Hotunansu ne ke yawo a wayoyin samarinmu a Facebook da TikTok, su ne kuma ke sa su kwaɗayi. Mu a nan kat-kat ita ce ke ɗauko mai naƙuda daga ruga zuwa likita, ita ke kai gero da wake kasuwannin arewacin Dakwaro, ita ke ratsa duwatsun Adar da yashin Tenere, ita ce kuma ta kwashi dubban matasa zuwa Jado da Cibarkatan tun da aka gano zinariya a 2014. Lalacewar mota a irin waɗannan wurare maganar rai ce. Ba mu manta ba da watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. A 2017 ma mutum 44 sun rasu haka nan tsakanin Agadas da Dirku. Saboda haka duk wanda zai taɓa ƙarƙashin motar da ke ɗaukar bayin Allah zuwa daji, ya san amana ce ya taɓa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: mai ƙaramin ƙarfi ya fara kashe kuɗinsa wajen maido da pon ɗin da yake da shi cikin lafiya, ya san lissafin haƙoransa, ya zaɓi taya daidai da wannan lissafi. Canjin haƙora ko canjin pon gaba ɗaya su zo a ƙarshe, in har buƙata ta tilasta. Yawancinmu kuwa daga ƙarshen muke farawa.

Abin da ke cikin pon

Ƙarfin inji yana bi ta buwat, ya shiga ƙaramar buwat mai raba shi gaba da baya, ya bi doguwar sandar da wasu ke kira kardan wasu farfela, sannan ya isa pon. A cikin ƙullutun nan na tsakiyar pon akwai ƙarafa biyu masu haƙora: ƙaramin da kardan ke juyawa, wato pinyon, da babban faifan da yake turawa, wato kuron. In ka raba yawan haƙoran kuron da na pinyon, ka samu lambar pon ɗinka. Kuron mai haƙora 37 da pinyon mai 9 suna ba da 4,11. Ma'ana, sai kardan ya juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Mai 43 da 10 shi ne 4,30. Mai 41 da 9 shi ne 4,56, mai 39 da 8 kuma 4,88, mai 37 da 7 ya ba da 5,29. Duk waɗannan ana samun su a motocin Toyota.

Yadda lambar ke hawa, haka ƙarfin ja ke ƙaruwa, gudu kuma ya ragu. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke mai giya ya san wannan: babban faifan baya yana hawa tudu da sauƙi amma ƙafa na ta juyawa ba a cin ƙasa. Kamfani ba da ka yake zaɓar lambar ba. Yana auna ƙarfin inji, da giyoyin buwat, da nauyin da motar za ta ɗauka, da girman tayar da ya sa mata. Land Cruiser mai lamba 75 da injin 1HZ, wanda ya fito a 1990, ta zo da 4,11. Da aka kawo mai lamba 78 da 79 a 1999 da wata buwat dabam, sai aka koma 4,30. Inji ɗaya ne, mai silinda shida da lita 4,2, ƙarfinsa kimanin doki 130, amma lissafin ya canza domin buwat ta canza. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa abubuwan nan a ɗaure suke da juna, ba a taɓa ɗaya a bar sauran.

Lissafin taya

Yanzu mu zo kan babbar taya. Masu son ta suna da hujja, kuma hujjar gaskiya ce. Duk yadda ka ɗaga mota da sifirin, ƙullutun pon yana nan inda yake, taya ce kawai ke nisanta shi da ƙasa. A hanyar da manyan motoci suka haƙa ramuka biyu suka bar tudu a tsakiya, wannan ƙullutu shi ke fara noman yashi har mota ta kafe. To amma nawa ake samu, nawa kuma ake biya?

Mu ɗauki Hilux da ta zo da taya 205 R16, tsayinta wajen santimita 73. Mai ita ya sa mata 235/85 R16, wadda tsayinta ya kusa daidai da na 7.50 R16 da muka saba gani a Land Cruiser, wajen santimita 80 da rabi. Taya ta ƙaru da santimita bakwai, amma pon da rabin wannan kawai ya tashi, santimita uku da rabi, faɗin yatsu biyu ke nan. A ɗaya gefen, ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari a kowace giya. Birki ma ya rage kamu da kusan haka, domin yanzu doguwar taya yake ƙoƙarin tsayarwa. Agogon gudu zai nuna 100 alhali motar na kan 110. Injin tsohuwar Hilux na lita 2,8 da ma bai kai doki 100 ba, to ga buhu ashirin a baya, ga mutane a kan buhunan, ga zafin watan Afrilu. Inda direba ke wucewa da giya ta uku sai ya koma ta biyu, wajen tashi yana ta ƙona kuloci, allurar zafi na hawa, gazuwal na tafiya.

Lissafin gyara wannan ba wuya. Ka raba tsayin sabuwar taya da na tsohuwa, ka ninka da lambar pon ɗinka. Idan 4,30 ne, to 4,30 sau 1,10 ya ba da 4,73, wato sai ka nemi 4,88 in kaya kake ɗauka a daji, ko 4,56 in ka fi bin kwalta. Haka ma mai Land Cruiser 75 da ya bar 235/85 ya koma 315/75 R16 mai tsayin santimita 88: ƙarin kashi 9 ne, 4,11 ɗinsa na buƙatar komawa wajen 4,56. Amma wanda ya tsaya a 285/75 R16, ƙarin bai kai kashi 4 ba, motar za ta ɗauke shi ba tare da an buɗe pon ba. Ga inda nake so mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya: ƙarin da bai wuce kashi huɗu ko biyar ba. Duk wanda ya zarce nan, ya sani bai gama biyan kuɗin taya ba sai ya biya na haƙora, kuma na pon biyu, gaba da baya.

Darasin da muka saya

Wannan magana ta pon biyu ita ce ta ci gidanmu. Yayana, wanda muke uba ɗaya, yana da tsohuwar Hilux mai pon a gaba, irin ta kafin a koma ƙafafun gaba masu zaman kansu. Shekarun baya pon na gaba ya soma kuka, aka buɗe aka ga haƙora sun cinye. Ya je wajen masu kayan okaziyon ya samo kan pon cikakke, mai tsabta, an ce daga mota irin tasa aka ciro shi. Noti ya hau kan noti, aka ɗaure, aka zuba mai, aka zaga gari da motar lafiya lau. Da ma a gari ai baya ne kawai ke ja, na gaba yana hutawa.

Ranar kasuwa, da damina, ya ɗauko kaya da fasinja. A yashi ya sa kat-kat, motar ta wuce ba matsala. Da ya hau burji mai tauri sai sandar kat-kat ta ƙi fita, sitiyari ya yi nauyi, tayoyi na kuka. Ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari na gaba. Bai yi nisa ba aka ji ƙas daga ƙafar gaba. Nan suka kwana a daji da mata da yara, kasuwa ta ci ba su, washegari aka jawo motar.

Da muka kai ta wajen wani dattijon makanike, bai ce komai ba sai da ya sa yaransa suka fiddo kan pon ɗin biyu. Ya ɗauki alli ya miƙa wa yayana, ya ce: "Alhaji, ƙirga da kanka." Na baya 41 da 9, na gaba 43 da 10. Yayana ya ce: "Baba, ai haƙora biyu ne kawai bambancin." Dattijon ya ce: "Alhaji, ka taɓa ɗaure sa da jaki a amalanke ɗaya?"

Ga abin da ya faru. Tsakanin 4,56 da 4,30 akwai kashi 6 cikin ɗari. A duk kilomita ɗaya da tayoyin baya suka ci, na gaba suna neman cin kilomita ɗaya da mita 60. Irin waɗannan motoci, in an sa kat-kat, gaba da baya a kulle suke wuri guda, babu abin da ke sasanta su a tsakiya. A yashi taya na zamewa ta zubar da bambancin, shi ya sa ba a ji komai ba. A ƙasa mai tauri babu zamewa, sai ƙarafa su yi ta murɗewa har mafi rauni ya saki. Araha ba ta ado: ya sayi kan pon sau biyu, ya sayi gaɓar ƙafar gaba, ya biya kuɗin jawowa.

Abin haushin shi ne gwajin da zai hana wannan kyauta ne. Ka tare tayoyi da duwatsu, ka sa giya a sake, ka saki birkin hannu, ka ɗaga taya ɗaya ta baya da jak, ɗayar tana ƙasa. Ka yi alama da alli a taya da kuma kardan. Yaronka ya juya tayar sau 20, kai kana ƙirga juyin kardan. In ka samu 41, pon ɗinka 4,10 ne ko 4,11, waɗanda kusan abu ɗaya ne. In 43 ne, 4,30. In 45 da rabi ne, 4,56. In ya kusa 49, to 4,88 ne. Idan tayar ta ƙi juyawa da sauƙi, pon ɗin mai hana zamewa ne, sai a ɗaga tayoyin biyu a juya sau 10. A gaba ma haka za a yi, bayan an kulle makullan da ke tsakiyar tayoyin. Akwai lambar pon a ɗan allon ƙarfen da kamfani ya manna a jikin mota, amma wannan yana faɗin abin da motar ta baro masana'anta da shi ne. Motar da ta shekara ashirin tana hannu zuwa hannu daga Turai zuwa Kwatano zuwa Maraɗi, alli ya fi allon gaskiya a kanta.

Kuma a lura, tayoyi masu bambancin girma suna yin irin wannan ɓarna. Mun saba sayen taya ɗaɗɗaya ta okaziyon, gaba wata lamba baya wata. A kat-kat wannan daidai yake da haɗa pon biyu da ba su dace ba.

Pon na Land Cruiser a ƙarƙashin Hilux

Masu wannan shawara su ma sun hango wani abu na gaskiya. A pon na bayan Hilux, sandar da ke ciki aiki biyu take yi: tana juya taya, tana kuma ɗauke da nauyin mota a kan rulma ɗaya. In ta karye ko rulma ta watse, taya na iya fita da guntun sandar mota na cikin tafiya. A Land Cruiser 79 kuwa, nauyin yana kan kwankwason pon ɗin ne bisa rulma biyu, sandar juyawa kawai take yi. Ana gane irinsa da ƙullutun da ya fito a tsakiyar taya, kewaye da ƙananan notuna. In sandarsa ta karye, ana zare ta a toshe ramin, a sa kat-kat a dawo gida da jan gaba. Kuron ɗinsa ma ya fi girma, inci tara da rabi, na Hilux kuwa inci takwas.

To amma sayen pon ɗin shi ne farkon kashe kuɗi. Wuraren zaman sifirin sai an yanke an sake walda. Bakin kardan sai an daidaita. Birki da igiyar birkin hannu sai an sake musu tsari. Land Cruiser 79 noti biyar gare ta a taya, Hilux kat-kat shida, ke nan sai ka riƙa yawo da tayar safiya iri biyu. Sannan dole lambar haƙoransa ta yi daidai da ta gabanka. Bayan duk wannan, shasi na Hilux ne, buwat ta Hilux ce, inji na Hilux ne. Motar da aka ƙera don ɗaukar kimanin tan ɗaya, in ka ɗora mata biyu, ka ƙarfafa pon, to karyewar za ta koma shasi ne kawai, wanda ya fi tsada. Mu faɗa wa juna gaskiya: yawancin pon da ke lanƙwashewa a ƙasar nan lodi ne ya lanƙwasa shi, da gudu a kan burji mai gargada. Wanda aikinsa ya fi ƙarfin Hilux, gara ya ci gaba da tari har ya sayi motar da ta dace da aikin.

Walda da makulli

A cikin pon akwai wasu ƙananan haƙora da ke barin tayar waje ta fi ta ciki juyawa a kwana. Illarsu ita ce in taya ɗaya ta faɗa taɓo ko ta rataye a sama, ita kaɗai za ta yi ta juyawa, ɗayar na tsaye. Shi ya sa wasu ke narka su da walda, tayoyin biyu su zama ɗaya. A yashi abin na aiki, ban musa ba. Amma motar ba a yashi take kwana ba. A kwalta, kowace kwana sai taya ɗaya ta goge ƙasa, sandunan pon na murɗewa, motar na neman miƙewa alhali ka karya sitiyari, balle da kaya a sama ko an yi ruwa. A motar da ke ɗaukar mutane, ni dai ina ganin wannan ganganci ne.

Abin da ya dace shi ne makullin da direba ke sawa ya cire. Toyota ta fitar da wasu Land Cruiser 70 da 80 da irinsa tun daga masana'anta, kamfanin ARB na Ostireliya kuma yana ƙera mai aiki da iska. Kaya ne masu kyau, sai dai tsada, ga wayoyi da bututu da ke buƙatar kulawa a cikin ƙurarmu. Wanda ya samu hali, ya sa a baya kawai, domin gaɓoɓin ƙafar gaba ba sa jure ja da ƙarfi in an karya sitiyari har ƙarshe.

Kafin a kai ga nan, akwai dabarar da tsofaffin direbobin Agadas da Bilma suka daɗe da sani: rage iskar taya. In an sauke ta zuwa wajen kilo ɗaya da rabi, ko ƙasa kaɗan in motar ba nauyi, tafin tayar yana tsawo, motar ta hau kan yashi maimakon ta haƙa shi. Sharaɗin shi ne a tafi a hankali, kuma a mayar da iskar da zarar an hau ƙasa mai tauri, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe. Ma'aunin iska da famfo mai kyau da shebur da faranti biyu na ƙarfe ba su kai kuɗin babbar taya ɗaya ba, amma sun fi fitar da mota daga yashi. Haka kuma ƙaramar giyar kat-kat tana ninka ƙarfin ja kusan sau biyu, a wasu motocin har biyu da rabi. Direbobi da yawa ba sa sa ta sai sun riga sun kafe, alhali kafin a shiga wurin ake sa ta.

Yadda zan raba jika ɗari biyar

Ɗan'uwana na Tanut, da ni ne kai, ga yadda zan yi. Da farko in zubar da man pon biyu da na buwat in duba shi. In ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga. In akwai ɓarɓashin ƙarfe a jikin murfin, wani abu na cinyewa. In canza rulma da robobin da ke tare mai, in wanke gaɓoɓin gaba in sake musu giris, in duba gicciyen kardan da notunan da ke riƙe sifirin. In zuba man da ya dace, mai alamar GL-5, daga galan rufaffe, ba na kwalba a bakin hanya ba. Sannan in sa wa ƴar hudar numfashin pon dogon tiyo in ɗaure shi sama. Wannan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma duk mai ƙetare Gulbin Maraɗi ko Gulbin Kaba ko ƙoramun Majiya da damina ya san amfaninsa: pon mai zafi in ya shiga ruwan sanyi, iskar cikinsa na tsukewa ya zuƙo ruwa.

Na biyu, in sayi tayoyi masu lamba ɗaya da ƙarfin ɗaukar kaya, girmansu kusa da na asali, har da ta safiya. Na uku, kayan fita daga yashi da na ambata. In akwai saura, in sayi rulmar baya da sandar pon guda in ajiye a mota, domin su ne ke kwanar da mutum a daji.

Sai in bayan duk wannan na ga lallai hanyata na buƙatar doguwar taya, sannan in yi maganar haƙora. A nan ma akwai hanya mai sauƙi. A yawancin waɗannan motoci na Toyota, kan pon yana fita ne gaba ɗayansa da notuna. Sayen kai biyu na okaziyon masu lamba ɗaya, waɗanda masana'anta ta daidaita, ya fi aminci a kan sayen sabon kuron da pinyon a ba wanda ba shi da kayan awo. Tazarar da ake bari tsakanin haƙoran nan ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Da agogon awo ake gane ta, da fenti a haƙora ake duba inda suke haɗuwa. Makaniken da ya ce da kunne yake yi, ka yi masa godiya ka ɗauki kayanka. Kuron da pinyon kuma tare ake canza su, ba a aurar da na wannan da na wancan. In sababbi ne, a bi su a hankali kilomita 800 na farko, ba lodi mai nauyi, sannan a canza mai. Kuma kada a zarce: pinyon mai haƙora 7 ya fi mai 9 ƙanƙanta da saurin karyewa, sannan a doguwar kwalta irin ta Maraɗi zuwa Yamai inji zai yi ta ihu yana shan mai.

Wani zai ce duk wannan lissafin ƴan boko ne, ga wane can ya shekara biyar da manyan tayoyi bai taɓa buɗe pon ba. Haka ne, akwai su. Amma a tambaye shi kuloci nawa ya canza, lita nawa yake sha zuwa Agadas, kuma sau nawa ya taka birki gabansa ya faɗi. Asarar da ke zuwa kaɗan-kaɗan ba a cika ganin ta ba. Wani kuma zai ce talauci ne ke sa a yi lodi, in ba a cika mota ba kuɗin mai ba ya fita. Wannan ma gaskiya ce mai ɗaci, musamman tun 2023 da rufe iyakoki ya tsawaita hanyar kayan gyara ya ƙara musu tsada. Amma tsadar kayan ita ce ma babbar hujjata: wanda ba shi da kuɗin sayen abu sau biyu, shi ya fi kowa buƙatar ya ƙirga kafin ya saya.

Daga ƙarshe ina da roƙo uku. Masu sayar da kayan okaziyon, daga Yamai har Damagaram, ku riƙa ƙirga haƙoran duk kan pon da ya shigo shagonku ku rubuta lambar da fenti a jikinsa. Aikin minti biyar ne, kuma zai ƙara muku amana wajen masu saye. Shugabannin sandikar direbobi, ku shirya wa yaran mota da sababbin direbobi zama da tsofaffin makanikai, ko da sau ɗaya ne kafin damina, a nuna musu gwajin alli da yadda ake sa kat-kat da cire ta. Cibiyoyin koyon sana'a kuma su sa daidaita pon da kayan awo cikin abin da suke koyarwa, domin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙauyukanmu ma irin wannan pon ne a ƙarƙashinsu.

Ɗan'uwa mai tambaya, ina fata ka samu amsarka. In ka yi gwajin, ka bugo mana a shiri na gaba ka faɗa mana lambar da ka samu gaba da baya. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.